Al'adar yayata ta ɗauke tun ba ta kai arba'in ba, ga mantuwa: gigin tsufa ne ke tafe?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina rubuto miki ne daga wani ƙauye a yankin Ringim, jihar Jigawa. Yayata shekarunta 38, haihuwarta bakwai. Yau kusan shekara biyu ke nan rabonta da jinin al'ada. Da farko an ce ciki ne ya kwanta, aka yi ta shan jiƙe-jiƙe, shiru. Yanzu ga yawan mantuwa, ba ta samun barci, abu kaɗan sai ya ɓata mata rai. Kakarmu ta yi gigin tsufa kafin rasuwarta, har ta daina gane 'ya'yanta. Na ji an ce macen da al'adarta ta ɗauke da wuri ita ma haka take ƙarewa. Gaskiya ne? Me ya kamata mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Yaya lafiya, kaka kuma Allah ya jiƙanta.

Abin da kika ji yana da tushe, amma an zuzuta miki shi. Bincike ya nuna matan da al'ada ta ɗauke musu da wuri sun ɗan fi sauran mata haɗarin gigin tsufa idan girma ya zo. Sai dai mafi yawansu har su koma ga Allah ba sa samun sa, kuma mantuwar da mace mai shekara 38 take yi kusan kullum ba shi ba ne. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne shekara biyun nan da aka yi ba wanda ya binciki dalilin ɗaukewar jinin. Nan ne maganar take, domin wasu daga cikin dalilan suna da magani mai sauƙi, akwai kuma wanda idan aka bar shi yana iya kai mace kushewa tun ba a kai ga zancen tsufa ba.

A cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, yawancin mata al'adarsu tana ɗaukewa ne tsakanin shekara 45 da 55, kuma ba a cewa ta ɗauke sai mace ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba, ba tare da ciki ko wani dalili na daban ba. Idan hakan ta faru tsakanin 40 da 45, mukan ce ta zo da wuri. Idan kuwa ƙasa da 40 ne, wannan larura ce, ma'ajiyar ƙwai ce ta gaza kafin lokacinta, kuma aƙalla mace ɗaya cikin ɗari takan gamu da ita. Ki tabbatar da shekarun Yaya tukuna. Matanmu na karkara da yawa ƙiyasi suke yi, kuma bambancin 38 da 44 babba ne a wajen likita. Hanyar da nakan bi ita ce in tambayi shekarun ɗan fari, da shekara nawa mace ta yi a ɗaki kafin ta haife shi, da kuma ko ta fara al'ada a gida ko sai bayan an kai ta. Da wannan ake samun lissafin da ba zai yi nisa da gaskiya ba.

To me ya haɗa ƙwai da ƙwaƙwalwa? Ma'ajiyar ƙwai, wato 'yan gaɓoɓin nan biyu da ke gefen mahaifa, ba ƙwai kawai suke saki ba. Su ne ke samar da sinadarin istirojin, wanda ke bin jini ya isa ƙashi da zuciya da jijiyoyin jini da ƙwaƙwalwa. Sashen ƙwaƙwalwa mai adana sabon abin da mutum ya gani ko ya ji, da sashen goshi mai tsara aiki da lissafi, duk suna da wuraren da wannan sinadari yake kamawa. Yana taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa wajen ƙona suga su samu ƙarfi, yana sa jijiyoyin jini su kasance da laushi, yana kuma da hannu wajen daidaita zafin jiki da barci. Hotunan ƙwaƙwalwa da wata masaniyar ƙwaƙwalwa, Lisa Mosconi, da abokan aikinta suka ɗauka a birnin Niyok sun nuna yadda amfani da suga yake raguwa a ƙwaƙwalwar mata lokacin ɗaukewar al'ada, sannan daga baya ƙwaƙwalwar ta sake daidaita kanta gwargwadon hali. Macen da abin ya same ta tana 50 ta ci moriyar sinadarin har zuwa lokacinsa. Wadda ya same ta tana 36 ta yi asarar shekara goma sha wani abu.

Hujja mafi shahara ta fito ne daga asibitin Mayo da ke jihar Minesota a Amurka. A shekarar 2007 likita Walter Rocca da tawagarsa suka wallafa sakamakon bin diddigin matan da aka cire wa ma'ajiyar ƙwai ta hanyar tiyata kafin al'adarsu ta ɗauke. Sun samu cewa haɗarin raunin tunani ko gigin tsufa ya ƙaru da kusan rabi, kuma gwargwadon ƙuruciyar mace lokacin tiyatar, gwargwadon ƙaruwar haɗarin. Abin da aka fi mantawa a wannan bincike shi ne, matan da aka cire wa duka biyun amma aka ba su istirojin har suka kai 50, ba a ga wannan ƙarin a kansu ba. A 2022 kuma aka gabatar da wani nazari a taron Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka, wanda ya duba bayanan mata sama da 150,000 a Birtaniya. Waɗanda al'adarsu ta ɗauke kafin 40 sun fi waɗanda ta ɗauke wa a wajen 50 haɗarin gigin tsufa da kashi 35 cikin ɗari.

Kada wannan 35 ɗin ya tsorata ki, ba ana nufin mata 35 cikin ɗari za su ruɗe ba. A misali, idan cikin mata ɗari uku ne za su samu cutar, ƙarin kashi 35 yana nufin su zama huɗu. Sannan irin wannan bincike yana nuna abu biyu suna tafiya tare ne, ba ya tabbatar da ɗaya ne ya haifi ɗaya. Shan taba, alal misali, yana gaggauta ɗaukewar al'ada da shekara ɗaya zuwa biyu, kuma shi da kansa yana lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Game da kaka, gigin da ya zo wa mutum bayan ya tsufa tukuf ba gado ba ne irin na sikila da za a ce dole ya bi jini. Yana ɗan ƙara haɗari, iyakarsa ke nan. Wanda ake gado kai tsaye ba shi da yawa, kuma yakan bayyana ne a gidan da mutane da dama suka ruɗe tun suna 'yan arba'in ko hamsin.

Yanzu mantuwar Yaya. Macen da zufa ke tashinta cikin dare har ta jiƙa zani, ta tashi da asuba ta hura wuta, ta yi surfe, ta sallami 'yan makaranta, ga tunanin me ya same ta, dole ta sa gishiri sau biyu a miya. Wani babban bincike na Amurka da ya bi mata dubbai shekara da shekaru lokacin sauyin al'adarsu ya nuna ana samun ɗan rauni wajen riƙe sabon abu da saurin tuno kalma, kuma ga yawancin mata abin yana warwarewa. Irin wannan mantuwar ita ce mace ta shiga ɗaki ta tsaya tana tambayar kanta me ya kawo ta, can anjima ta tuna. Sunan maƙwabciya ya maƙale mata a harshe, sai da daddare ya faɗo. Gigin tsufa daban yake. Mai shi takan yi tambaya ɗaya sau biyar cikin sa'a guda ba ta san ta yi ba. Matar da ta shekara ashirin tana riƙe da lissafin adashen unguwa a ka, ta san wa ta zuba wa ta kwasa, sai a wayi gari ta kasa ba da canjin ƙuli-ƙulin naira ɗari. Ta ɗora tukunya ta rasa me ke biye da me a tuƙin tuwo, ko ta ɓace tsakanin gidanta da rijiya. Wata alama da nake dogara da ita: mai mantuwar ɗaukewar al'ada ita ce ke kawo kuka da bakinta, tana lissafa duk abin da ta manta dalla-dalla. Mai gigin tsufa kuwa 'yan'uwa ne ke kuka, ita tana cewa lafiyarta ƙalau.

Sai mu koma ga dalilin ɗaukewar jinin, wanda a ƙauyukanmu ya sha bamban da abin da littattafan Turai suka fi ba ƙarfi. Maganar kwantaccen ciki ta ja wa mata da yawa ɓata lokaci. Ciki ba ya kwanciya shekara biyu, kuma gwajin fitsari na kuɗi kaɗan ko hoton ciki yana raba gardama a rana ɗaya. Da shi ake farawa. Daga nan sai in tambaya ko tana allurar tazarar haihuwa ta wata uku ko an sa mata ashanar hannu, domin dukansu suna iya ɗauke jini, kuma mata da yawa ba sa faɗa a gaban dangi. Shayarwa ma tana ɗauke shi. Wankin ciki bayan ɓari, idan aka kankare mahaifa da yawa, yana iya sa bangonta ya manne, jini ya daina fita alhali ƙwai lafiya lau yake. Haka tarin fuka idan ya sauka a mahaifa.

Tambayar da ta fi kowacce muhimmanci ga mai haihuwa bakwai ita ce: yaya haihuwarta ta ƙarshe ta kasance? Idan ta zubar da jini sosai, har ta suma ko aka yi mata ƙarin jini, to akwai larurar da likita Harold Sheehan ya bayyana a 1937, wadda ake kira da sunansa. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu da ke ba sauran gaɓoɓi umarnin sakin sinadaransu. Yana kumbura lokacin goyon ciki, don haka idan jini ya zuba da yawa wajen haihuwa, sai ya rasa abin da zai rayu da shi, wani sashensa ya mutu. Alamar farko ita ce ruwan nono ya ƙi zuwa, a yi ta ba mai jego kunu da magungunan gargajiya a banza. Daga nan al'ada ba ta dawowa ko bayan yaye. Gashin hammata da na gaba ya zube, mace ta riƙa jin sanyi ana tsakiyar bazara, ga kasala, ga jiri idan ta miƙe, fata ta bushe, magana da tunani su yi nauyi. A ƙasashen da ake haihuwa a asibiti ta kusa ɓacewa, amma inda ake haihuwa a gida, a kuma yi tafiyar sa'o'i a mota ko amalanke kafin a samu jini, tana nan da ranta. Irin waɗannan mata ne ake cewa an yi musu sammu ko iska ta taɓa su. Haɗarinta shi ne jiki ba ya iya samar da sinadarin da ke tallafa masa lokacin ciwo, ta yadda zazzaɓin cizon sauro ko gudawa kawai yana iya jefa mace cikin suma. Maganinta ƙwayoyi ne da ake sha kullum, kuma wadda aka gano tata takan dawo hayyacinta har dangi su yi mamaki. Ki tambayi Yaya ko ta shayar da autanta.

Idan kuma an taɓa yi mata aiki, a nemo takardar asibitin. Macen da aka cire wa mahaifa saboda fashewarta ko zubar jini ba za ta ƙara ganin al'ada ba, amma idan an bar ma'ajiyar ƙwai, sinadarinta yana nan yana aiki, ko da yake yakan ƙare ɗan da wuri fiye da na sauran mata. Idan an haɗa da su an cire, to ta shiga sahun matan binciken Mayo tun daga ranar tiyatar. Abin takaici, mata da yawa an sallame su ba su san me aka cire ba, maigida ya sa hannu, an ce musu "an yi aiki" kawai. Hakkinta ne ta tambaya, kuma hakkin likita ne ya faɗa mata.

Idan duk wannan babu, sai a auna jini. Gwajin da ake kira FSH yana auna sinadarin da ƙwaƙwalwa ke aika wa ma'ajiyar ƙwai. Kamar uwa ce mai ƙwala wa yaro kira: idan bai amsa ba sai ta ƙara ɗaga murya. In an ga ya hau sosai, ƙwan ne ya daina amsawa. In an ga yana ƙasa alhali ba al'ada, to mai kiran ne ya yi shiru, sai a koma zargin larurar Sheehan. A haɗa da gwajin ƙullutun wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, domin rauninsa yana kawo ɗaukewar al'ada da mantuwa a lokaci guda, da gwajin sinadarin nono, da yawan jini, da suga, da ƙanjamau. Asibitin sha-ka-tafi zai iya gwajin ciki da awon hawan jini da na ƙarancin jini. Sauran sai babban asibiti. Daga Ringim za ku iya neman takardar turawa zuwa asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ku nemi ɓangaren likitan mata.

In ta tabbata ƙwan ne ya gaza kafin 40, shawarar ƙungiyoyin likitocin mata ita ce a mayar mata da sinadarin da ta rasa har ta kai wajen shekara 50, matuƙar ba ta da abin da ya hana. Babban dalilin shi ne kare ƙashi daga zaizayewa da kare zuciya, da kuma kawar da zufa da rashin barci da bushewar gaba. Amfanin ƙwaƙwalwa ana sa ransa, amma ba don shi kaɗai ake bayarwa ba. Mai mahaifa dole a haɗa mata da sinadari na biyu, furojestaron, domin istirojin shi kaɗai yana kaurara bangon mahaifa har ya iya zama daji. Inda babu ainihin maganin, likita yakan yi amfani da ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu, amma ita ba ta dace da mai hawan jini ko mai wani nau'in ciwon ɓarin kai ba. Allurar wata uku ba ta maye gurbinsa ko kaɗan. Wadda ta taɓa yin dajin nono, ko daskarewar jini a ƙafa ko huhu, ko ciwon hanta mai tsanani, tata hanyar daban ce. Shi ya sa ban yarda a je kemis a saya da ka ba.

Za ki iya jin wani ma'aikacin lafiya ya ce ai maganin nan da kansa yana kawo gigin tsufa. Ga inda maganar ta samo asali. A 2003 wani babban gwaji a Amurka ya nuna matan da aka fara ba sinadaran biyu sun ninka waɗanda ba a ba su ba wajen samun cutar. Amma duk matan da ke cikin gwajin shekarunsu 65 ne zuwa sama, sun daɗe da rabuwa da al'ada. Tsoron da ya biyo baya ya sa an hana 'yan talatin da 'yan arba'in maganin da suke buƙata, kuma a ganina wannan kuskure ne da har yau ba mu gama fita daga cikinsa ba. Ba wa tsohuwa sinadarin da jikinta ya yi shekara goma sha biyar da sallama daban, mayar wa mai 38 abin da ya kamata a ce tana da shi daban.

Ko an samu maganin ko ba a samu ba, akwai abin da ya fi shi nauyi a sikeli. A 2024 kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da za a iya gyarawa, waɗanda suka ce suna da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na gigin tsufa a duniya. Cikinsu akwai hawan jini, wanda ke addabar matanmu sosai. Yana toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali ba tare da ciwo ba, kuma yakan tashi bayan istirojin ya ja baya. Wadda ta taɓa yin kumburi ko jijjiga lokacin goyon ciki ta fi kowa buƙatar awo. A 2025 aka wallafa wani gwaji da aka yi a ƙauyuka 326 na ƙasar Sin, kan mutum kusan 34,000 masu hawan jini. Ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba likitoci ba, su ne suka riƙa awo suna daidaita magani, kuma cikin shekara huɗu gigin tsufa ya ragu da kashi 15 cikin ɗari. Wannan aiki ne da malamin asibitin garinku zai iya. A auna Yaya, in ya kai 140 bisa 90 a awo fiye da ɗaya a fara magani, kuma kada ta daina don ta ji sauƙi. A rage gishiri da dunƙule da kanwa. Hayaƙin itace ma yana cikin lissafi, domin gurɓatacciyar iska tana cikin abubuwa 14 ɗin, don haka girki a fili ya fi girki a rufaffen madafi. Kunnen da ya fara nauyi da idon da ya fara yana a kai su asibiti, kada a ce girma ne. Idan akwai Islamiyyar matan aure a kusa, ta shiga. Hadda da karatu da zama cikin mutane duk aikin ƙwaƙwalwa ne, kaɗaici kuwa yana cikin abubuwan da ke cinye ta.

Ki kuma lura da ɓacin ran nan. Mace mai 38 da jininta ya ɗauke takan ɓoye, tana tsoron gorin kishiya ko na dangin miji, tana ganin ta tashi daga mace. Ciwon damuwa yana shigowa ta nan, kuma shi kaɗai ya isa ya sa mantuwar da za a rantse gigi ne. Idan ta daina cin abinci, ta daina fita biki da suna, tana kuka ba dalili, ko tana cewa gara ta mutu, a faɗa wa likita a ranar, yana da magani. Zai yi kyau maigidanta ya raka ta ya ji bayani daga bakin likita, domin abin da za ki faɗa masa a matsayin ƙanwa ba zai shige shi kamar haka ba. A kuma sanar da su cewa gazawar ƙwai kafin 40 ba ta rufe ƙofar haihuwa gaba ɗaya: mata biyar zuwa goma cikin ɗari sukan samu ciki daga baya, saboda ƙwan yakan farfaɗo jefi-jefi. Idan Yaya ba ta son ƙari a kan bakwai ɗin, ta faɗa wa likita tun a zaman farko, domin maganin maye gurbin sinadari ba ya hana ɗaukar ciki.